Awon bitamin C da sinadaran tsiro a cikin abubuwan sha na ƙasar Arewa ta hanyar kuromatogarafi

1. Gabatarwa

A ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ta ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jahar Doso, da wuya a ratsa gonar hatsi da damina ba a ga yakuwa a gefenta ko a tsakanin kunyoyi ba. Ana miya da ganyenta, ana daudawar batso da ƙwayarta, sa'an nan jan kwanson da ke rufe ɗiyanta, wanda ake kira soɓorodo, a shanya shi bayan kaka a adana. Da shi ake yin jan abin shan nan da mutanen birni ke ce wa bisap, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma su ce zoɓo. Ban da shi akwai ruwan tsamiya, da na citta, da farin garin ƴaƴan kuka da ake damawa cikin nono ko kunu, da fura, da shayi. Mata da yawa, daga Matankari har Kore Mai Ruwa da Gesheme, sun ɗauki ɗaura waɗannan abubuwan sha cikin leda ko kwalba sana'a, musamman da bazara da lokacin azumi.

Ana yawan faɗin cewa bisap cike yake da bitamin C, kuma yana ƙara jini. Maganar ta shiga bakin jama'a har ma da na wasu masu wayar da kai kan abinci. Tambayar da ta dame mu ita ce: miligiram nawa ne a cikin ledar da yaro ya saya a tasha da ƙarfe biyu na rana? Ba tambayar banza ba ce. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na shekarar 2012 ya nuna kashi 73 cikin 100 na yaran Nijar ƴan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 46 cikin 100 na mata. Sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi jiki ba ya tsotsar sa da sauƙi, saboda wani sinadari mai suna fitat da ke ɗaure shi. Bitamin C kuwa, idan aka sha shi tare da abincin, yana kwance wannan ɗauri. Ke nan sanin abin shan da ke da bitamin na gaske, da wanda suna kawai ya tara, yana iya canza shawarar da ake ba uwa a asibiti.

A cikin wannan ƙasida za mu bayyana hanyar awon da ake kira kuromatogarafi ta ruwa mai matsi, wadda takardun Faransanci ke taƙaitawa da CLHP, da abin da take iya faɗa mana game da waɗannan abubuwan sha. Za mu kuma nuna cewa na'urar tana auna abin da ya iso gare ta ne kawai, saboda haka rabin aikin a Dogon Dutsi ake yin sa, tun kafin a kama hanyar Yamai.

2. Inda tsohuwar hanya ke gazawa

Tun cikin shekarun 1930, jim kaɗan bayan masani ɗan ƙasar Hungari Albert Szent-Györgyi ya ware bitamin C, akwai hanya mai arha ta auna shi, wadda ake jingina wa Bajamushe Tillmans. Ana ɗiga wani shuɗin rini mai suna dikulorofenol-indofenol, ɗigo-ɗigo, cikin ruwan da ake son aunawa bayan an tsamama shi. Muddin akwai sauran bitamin, kowane ɗigo sai ya rasa launinsa nan take. Da zarar bitamin ya ƙare, ɗigo na gaba zai bar ruwan da launin ja mai haske, ruwan hoda. A nan mai awo ke tsayawa, ya ƙidaya abin da ya zuba, ya yi lissafi.

Ga ruwan lemu wannan hanya ba ta da laifi, har gobe ana koyar da ita. Amma mai karatu ya riga ya hango matsalar: ta ƙaƙa za a ga bayyanar ruwan hoda a cikin abin da tun farko ja wur yake? Ido sai ya yi ta kirdado, kuma mai kirdado galibi yakan wuce wurin tsayawa, ya sami adadin da ya fi gaskiya yawa. Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya. Rinin bai san bitamin C da suna ba. Duk sinadarin da ke iya kashe masa launi, a matsayin bitamin yake ƙidaya shi. Narkakken ƙarfe yana yin haka, wasu sinadaran tsiro masu ɗaci suna yi, haka ma wani ɗan'uwan bitamin C da masana'antu ke sa wa abin sha don kada ya lalace, asid eritorbik, wanda amfaninsa a jiki a matsayin bitamin bai wuce kamar kashi ɗaya cikin ashirin ba. A ganinmu wannan na cikin dalilan da suka sa alƙaluman da aka wallafa kan busasshen soɓorodo suka yi hannun riga da juna, wasu ƴan miligiram kaɗan, wasu fiye da ɗari cikin giram 100. Teburin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka ya ba ɗanyen soɓorodo miligiram 12 cikin giram 100, alhali lemun zaƙi yana da kimanin 50.

Maganin abin a fili yake: a raba sinadaran da juna tukuna, sa'an nan a auna kowane shi kaɗai. Aikin kuromatogarafi ke nan.

3. Yadda na'urar ke aiki

Masanin tsiro na Rasha Mikhail Tsvet ne ya fito da dabarar a birnin Warso, ya bayyana ta a 1903, ya wallafa cikakken bayani a 1906. Ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan da ya tatso daga koren ganye a sama, ya bi shi da wani ruwa mai narkarwa. Yayin da ruwan ke sauka sai koren ya rabu zobe-zobe, wasu kore, wasu rawaya, domin kowane launi da irin ƙarfin da yake manne wa allin. A 1941 Turawan Ingila biyu, Martin da Synge, suka tsara ƙa'idar abin da lissafi, suka kuma hango cewa idan aka yi amfani da gari mai laushi ƙwarai da matsi mai ƙarfi rabuwar za ta fi kyau. Sun sami kyautar Nobel a 1952. Na'urar da muka sani yau ta fara samuwa a shekarun 1960, kuma Csaba Horváth na jami'ar Yale na cikin waɗanda suka fara ƙera ta.

Sassanta huɗu ne. Akwai famfo, mai tura ruwa daidai wa daida, galibi mililita ɗaya a minti. Akwai ƙofar allura, inda ake shigar da samfur ɗan mitsitsi, mikrolita 20, abin da bai kai rabin ɗigon ruwa ba. Akwai bututu na ƙarfe, tsawonsa santimita 25, faɗin cikinsa milimita 4,6, danƙare da ƙwayoyin silika masu girman mikromita 5 waɗanda aka lulluɓe da wani abu mai kama da maiƙo. Wannan irin bututu shi ake kira C18. Saboda laushin ƙwayoyin, sai famfon ya yi matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 100 zuwa 200 kafin ruwa ya ratsa. Na huɗu shi ne idon na'ura, wata ƴar fitila da ke haska ruwan da ke fitowa daga bututun, ta auna yawan hasken da aka shanye.

Da yake babu daidaitattun kalmomin Hausa na wannan fanni, ga waɗanda muka zaɓa. Ruwan da famfo ke turawa mun kira shi ruwan kora. Zanen da ke fitowa a kwamfuta layi ne miƙaƙƙe wanda ke tashi sama duk lokacin da wani sinadari ya gifta idon na'ura, sa'an nan ya sauko. Kowane irin wannan tashi mun kira shi tozo, don ya fi kama da tozon sa bisa ga tsinin mashi. Mintocin da sinadari ke yi daga allura zuwa ido su ne lokacin fitarsa.

Sinadarin da ke son ruwa ba ya daɗewa, ruwan kora ke wucewa da shi. Wanda ke son maiƙo yakan yi ta liƙewa yana saki, ya fito a makare. Idan ba a canza bututu, ko ruwan kora, ko zafi ba, lokacin fitar kowane sinadari ba ya canzawa, kuma da shi ake gane shi. Yawansa kuwa daga faɗin filin da ke ƙarƙashin tozon ake sanin sa. Na'urar ba ta san miligiram ba sai an koya mata: ana narka tsantsar sinadarin da aka saya, alal misali miligiram 5, 10, 25 da 50 cikin lita, a yi wa kowane allura, a ja layin da ke haɗa yawa da filin tozo. Duk sinadarin da ba mu da tsantsarsa a hannu, muna iya ganin tozonsa, amma ba mu da ikon ba shi suna da tabbaci, balle adadi.

4. Bitamin C: daga Dogon Dutsi zuwa Yamai

A kan bututun C18 bitamin C ba ya zama, domin mai son ruwa ne ƙwarai. Dole a tsamama ruwan kora zuwa ma'aunin tsami na pH 2,5 ko kusa da haka, a nan ne yake ɗan dakatawa ya rabu da tarin sukari da gishirin da ke fitowa a farko. Ana saita idon na'ura a nanomita 245, hasken da idon mutum ba ya gani, inda bitamin ke shan haske sosai cikin tsami. Jan launin soɓorodo yana can baya a cikin bututu lokacin da bitamin ya wuce. Abin da ya gagari hanyar ɗigo ya warware ke nan cikin ƴan mintoci.

Duk da haka kada a yarda da tozo don kawai ya fito a kan lokaci. Soɓorodo na da asid iri-iri masu fitowa a wannan wuri, kuma biyu na iya hawa kan juna su zama tozo guda. Gwaji biyu ke raba gardama. Na farko a ƙara wa samfur wani sanannen adadi na tsantsar bitamin, a duba ko tozon ya ƙaru daidai da abin da aka ƙara. Na biyu a sa wa wani kaso na samfurin wani sinadarin narkarwa mai suna askorbat oksidaz, wanda daga dangin kabewa ake samun sa, kuma yana cin bitamin C. Idan tozon ya ɓace, na bitamin ne. Idan saura ya rage, wannan sauran baƙo ne, sai a cire shi daga lissafi.

Babbar wahala ba a ɗakin bincike take ba. Bitamin C ba ya jure iska, zafi da haske, kuma ɗan ƙanƙanin ƙarfe ko tagulla a cikin ruwa yana gaggauta lalacewarsa. Lalacewar mataki biyu ce. Da fari yakan koma wani siffa mai suna dehidro-askorbik, wanda jiki ke iya mayarwa bitamin, saboda haka yana cikin lissafi. Daga nan sai ya fashe ya zama abin da ba ya komawa, ba ya kuma amfanar kowa. Siffar ta tsakiya ba ta shan haske a nanomita 245, na'ura ba ta ganin ta. Don haka ake yi wa kowane samfur allura sau biyu: sau ɗaya yadda yake, sau ɗaya bayan an sa masa sinadarin da ke mayar da siffar tsakiya zuwa ta asali, kamar ditiyotireyitol. Adadi na biyu shi ne jimlar bitamin. Tazarar da ke tsakanin biyun tana ba da labarin wahalar da abin shan ya sha.

To, irin wannan na'ura a manyan ɗakunan bincike na birni ake samun ta, kuma tsakanin Dogon Dutsi da Yamai akwai kilomita kusan 275 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ta Doso. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Wanda ya sayi ledar abin sha a kasuwa da safe, ya jefa cikin jaka, ya hau mota, ya kwana, ya kai ɗakin bincike washegari, zai sami adadi mai kyan gani har da lambobi biyu bayan waƙafi, amma adadin tafiyar ne, ba na abin da mutane suka sha ba. Ga yadda ya kamata a yi. Nan take, a wurin saye, a auna mililita 10 na abin shan, a zuba cikin ƙaramar kwalba mai duhu wadda aka riga aka sa wa mililita 10 na ruwan asid metafosforik mai sanyi, yadda ƙarfin asid ɗin a cikin gaurayen zai kama kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Wannan asid yana saukar da pH, yana ɗaure ƙarfe da tagulla, yana kuma tsayar da aikin sinadaran narkarwa na tsiron. A cika kwalbar har baki don kada a bar wa iska wuri, a rufe, a sa cikin akwatin ƙanƙara. Da isa Yamai a tace ta matacin mikromita 0,45 a yi allura a ranar, in ba ta yiwu ba a daskarar. Shi kansa ruwan asid ɗin ba ya wuce mako guda zuwa kwana goma cikin firji da ƙarfinsa, saboda haka sabo ake haɗawa ga kowace fita.

Akwai wata dabara mai sauƙi da muke ganin bai kamata a tsallake ta ba. A haɗa kwalba ɗaya ta tsantsar bitamin wanda aka san yawansa, a tafi da ita Dogon Dutsi cikin akwatin, a dawo da ita tare da sauran. Idan ta tafi da miligiram 25 cikin lita ta dawo da 24, tafiya ta yi kyau. Idan ta dawo da 15, duk sakamakon wannan fita abin zubarwa ne, ko da an kashe masa kuɗin mota da na masauki.

Me ya kamata mu sa ran gani? Kwanson da aka shanya a rana, aka adana watanni, aka tafasa, sa'an nan aka sirka da ruwa mai yawa, ya bi ta duk hanyoyin da ke kashe bitamin C. Idan mai dafawa ta jefa ƴar kanwa don rage tsami, kamar yadda wasu ke yi, ta ƙarasa shi, domin bitamin ba ya rayuwa inda babu tsami. Tsamin da harshe ke ji a bisap na wasu asid ne, irin su asid na hibiskus, da malik, da sitirik, ba shaidar bitamin ba ne. Wanda ya cancanci sunan da ake ba bisap shi ne farin garin ƴaƴan kuka (ba garin ganye na miya ba). Awon da aka yi a Mali cikin shekarun 1990 ya nuna yana ɗauke da miligiram kimanin 150 zuwa 500 cikin giram 100, gwargwadon itaciyar da aka ɗebo shi. Hukumomin FAO da OMS sun ƙayyade bukatar baligi a miligiram 45 a yini, mai ciki 55, mai shayarwa 70. Ke nan giram 10 na garin itaciya mai kyau na iya ba da miligiram 50, na maras kyau kuma 15. Bambancin ninki uku tsakanin kuka da kuka shi kansa dalili ne na awo, don a san itatuwan da suka cancanci a ɗauki irinsu. Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da wannan gari a kasuwanninta a 2008, tun daga nan kuma yake da masu saye a waje waɗanda ke neman takardar awo kafin su biya.

5. Jan launi

Rashin bitamin mai yawa bai mai da bisap ruwan banza ba. Arzikinsa yana cikin launinsa. Jan ya fito ne daga dangin sinadaran da ake kira antosiyanin, kuma biyu ne suka mamaye soɓorodo: delfinidin-3-sambubiyozid da siyanidin-3-sambubiyozid. Don ganin su ana saita idon na'ura a nanomita 520, a fara da ruwan kora mai asid formik, a riƙa ƙara masa asetonitiril sannu a hankali. Manyan tozaye biyu ke fitowa. Na delfinidin ne ke riga, don ya fi son ruwa, kuma galibi shi ya fi girma, kimanin kashi biyu cikin uku na jimlar.

Wannan zane mai tozo biyu kamar tambarin soɓorodo ne, yana kuma amsa tambayoyi da dama. Delfinidin ya fi saurin lalacewa da zafi da daɗewa, kamar yadda ayyukan da masu bincike na Dakar da Monfeliye suka yi kan bisap na Senegal suka nuna. Idan ya fashe yakan bar asid galik, siyanidin kuma ya bar asid purotokatekik. Saboda haka samfurin da tozonsa na farko ya ƙanƙance, waɗannan biyu kuma suka ƙaru, ya sha wuta ko ya tsufa. Da wannan ana iya kwatanta tafasawa da jiƙawa cikin ruwan sanyi, ko kwanson wata ɗaya da na wata shida a rumbu. Ana kuma iya kwatanta ire-iren yakuwa: a Nijar manoma na bambanta ware, mai babban kwanso, da yakuwar da ake shukawa don ganye da ƙwaya, kamar yadda a Senegal ake bambanta Vimto da Koor. A ƙarshe, idan an rage soɓorodo an cika da garin launi na ƙunshi irin na kanti, rinin masana'anta zai fito a nasa lokacin dabam, da tozon da babu shi a tsiron. Ido ba ya rabewa, bututu yana rabewa.

Batun hawan jini ma a nan yake. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, an ba mutum 65 masu ɗan hawan jini ko dai kofi uku na shayin soɓorodo a yini, kowane mililita 240, ko wani abin sha mai kama da shi, har mako shida. Awon jini na sama ya sauka da 7,2 ga masu shan soɓorodo, da 1,3 ga sauran. Sakamako ne mai ban sha'awa, amma shayin nasu ba shi da sukari, kuma an san nauyin kwanson da ke cikin kowane kofi. Ledar tasha mai zaƙi kamar zuma, wadda ba a san ƙarfinta ba, wani abu ne dabam. Ba mu ga yadda za a yi maganar ƙa'idar sha ba tun ba a auna ba.

Wani abin lura ga masu sarrafawa: antosiyanin da bitamin C ba sa zaman lafiya cikin kwalba ɗaya, kowane na gaggauta lalacewar ɗan'uwansa. Mai son gyara bisap ta hanyar ƙara masa garin ƴaƴan kuka ta yi tunani mai kyau, in dai za a sha a ranar. In za a adana, launi zai koɗe, bitamin kuma ya ragu. Kwana nawa gauraye ke ɗauka a firji, da kuma a inuwar rumfa, tambaya ce da allura biyu, ɗaya a nanomita 245 ɗaya a 520, ke amsawa.

6. Sauran abubuwan sha

Tsamiya ba ta da bitamin C na a zo a gani. Tsaminta na asid tartarik ne, wanda ake gani a nanomita 210. A citta abin aunawa shi ne jinjerol, mai yajin, wanda bushewa da zafi ke mayarwa shogawol, kuma rabon biyun na nuna ko ɗanyar citta aka yi amfani da ita ko busassa. A shayi ana auna kafeyin a nanomita 273, tare da katecin, dangin sinadaran da ke hana jiki tsotsar ƙarfe idan an sha shayi a kan abinci. Wato suna warware abin da bitamin C ke ƙullawa. Bitamin B2 na nono yana bukatar wani ido dabam, mai ganin hasken da sinadari ke mayarwa, kuma rana na kashe shi da sauri, abin da ya sa ƙwarya mai faifai ta fi farar roba a buɗe.

Fura da kunu suna da nasu batun. A 1989 Gaitan da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu sinadaran gero, irin su biteksin, suna iya rage aikin ƙullin wuya mai sarrafa iyod, abin da ake dangantawa da yawan maƙoƙo a yammacin Sudan inda iyod ya yi ƙaranci. Sun fi yawa a dusa. Ko surfe da wanki irin na matan Arewa na rage su zuwa wane matsayi, bututun C18 ɗin nan dai ke iya nunawa.

7. Tsada, da abin da ya kamata a fara da shi

Na'urar na da tsada, riƙonta ya fi sayenta tsada. Tana son lantarkin da ba ya yankewa a tsakiyar allura, da ɗaki mai sanyi marar ƙura, da ruwa tsantsa. Bututu na tsufa, tsantsar antosiyanin kuwa da miligiram ake sayar da ita. Asetonitiril daga waje yake zuwa, kuma ba don kansa ake yin sa ba, rarar masana'antar roba ce. A 2008 da 2009, da waɗannan masana'antu suka rage aiki, ya yi ƙaranci a duniya har manyan ɗakunan bincike na Turai suka koma ga metanol. Saboda haka ba kowace tambaya ce za a kai wa na'urar ba. Mai son jimlar antosiyanin kawai, ma'aunin haske na yau da kullum ya ishe shi: a auna samfur a pH 1 da pH 4,5, a ɗauki bambanci. Farin ruwan ƴaƴan kuka kuma hanyar ɗigo na yi masa, in an tabbatar da ita sau ɗaya da kuromatogarafi. A bar wa na'urar abubuwa masu launi, da neman algus, da duk inda ake son sanin sinadari da sunansa.

A Yamai aikin ya shafi jami'ar Abdu Mumuni, da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, da ɗakin binciken lafiya na ƙasa LANSPEX wanda ke duba ingancin magunguna da abinci da ruwa. In za a tsara fita ta farko zuwa Arewa, mun fi son samfur talatin da aka san tarihin kowane bisa ga ɗari uku da aka kwaso a makance. Kowace kwalba ta zo da takardarta: gari da rana da sa'a, irin yakuwar, watan da aka girbe ta, nauyin kwanso da yawan ruwan da aka zuba, tafasawa ko jiƙawa da tsawon lokacin, irin tukunyar, ko an sa kanwa ko garin kanti, da sa'o'in da abin shan ya yi a rana kafin a saye shi. Mai sana'ar ce kaɗai ta san yawancin waɗannan, kuma da mudu da ludayi take awo, saboda haka mai ɗaukar samfur ya tafi da ƙaramin sikeli, ya nemi izininta ya auna mudun nata a gabanta.